Malam Zakariyya'u, Mai Reza da Zare

Duk wanda ya bi layin bayan kasuwar Mahuta da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Tsoho ne dogo, siriri, da tabarau mai kauri wanda aka ɗaure hannunsa ɗaya da roba. Kafin masu ƙosai su hura wuta ya riga ya share ƙofar gida, ya fito da benci, ya ɗora 'yar tukunya a kan gawayi yana dama ƙullun rogo. Baƙo sai ya ɗauka koko ne. Ba koko ba ne, abin manna takarda ne. Kwalayen da yake mannawa a kai daga Kudenda ake kawo masa, na biskit da na taliya waɗanda kamfanoni suka yar. Ya farke su, ya shimfiɗa, ya danne da dutse su miƙe. Daga nan sai ya zauna da reza da allura da zaren saƙa kala-kala, yana aiki yana magana shi kaɗai, har rana ta kore shi.

Wannan shi ne Malam Zakariyya'u, kuma shi zan yi wa jinjina, tunda waɗanda ya kamata su yi sun ce sai da sharaɗi. Karatuna bai yi nisa ba, kuma na san abin da ake faɗa a kaina a coci, wai bakina ba ya rufuwa. To, yau dai bakin ya yi rana.

Ga sharaɗin. Idon Malam ya fara gazawa, zai ajiye koyarwa. Kwamitin dattawan cocinmu suka ce za a yi masa bikin sallama, a kuma mayar da sunansa cikin malaman ikilisiya, inda aka goge shi tun da daɗewa. Amma sai ya tsaya a gaban jama'a ya ce ya yi kuskure, ya tuba. Kuskuren me? Bari in faro daga tushe, don yaran yanzu sun taso sun tarar ana nuna shi da baki, ba su san dalili ba.

Malam ya yi karatun tauhidi mai zurfi. Da can yana koyar da masu shirin zama fastoci a wata ƙaramar makarantar Littafi Mai Tsarki a Gonin Gora. Darasinsa Bishara huɗu, musamman ukun farko, Matiyu da Markus da Luka, waɗanda suka yi kama da juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Yohanna shi hanyarsa daban. Abin da Malam yake koyarwa shi ne, yawancin masanan da suka duba abin suna ganin Markus ne ya fara rubutawa. Matiyu da Luka suka zo daga baya da na Markus a gabansu, kowa ya ɗauka, ya daidaita, ya ƙara da abin da ya samo a wani wuri. Da Turanci akwai littattafan da aka jera ukun gefe da gefe don ɗalibi ya gani da idonsa. Malam ya nemi na Hausa bai samu ba, abin yana damunsa.

Sai aka yi rikicin nan da ya raba Kaduna biyu, mutanenmu suka tsallako kogi da abin da hannu ya iya ɗauka. Da yawa sun zo da Littafi Mai Tsarki rabi a ƙone, wani ruwa ya jiƙa shi ya kumbura. Ba a iya karantawa, ba kuma wanda zuciyarsa za ta ba shi ya jefar. Aka tara su a siton coci, gara ta samu abinci. Malam ya nemi izini ya kwashe. Ya riƙa tsamo shafukan da suka tsira, yana yankowa labari labari, yana mannawa a kwali layi uku, Markus a tsakiya, Matiyu da Luka a gefensa. Aikin ba wasa ba ne, don takarda fuska biyu gare ta, in ka manna ɗaya ka rufe ɗaya, sai ka koma cikin tarin ka nemo wani kwafin da wuta ba ta ci daidai wurin ba.

Wata rana da yamma Dattijo Ebenezer, mai sayar da kayan gini, ya je gaishe shi. Wanda bai san Ebenezer ba, shi ne wanda in aka ba shi addu'ar rufewa sai waken da kika bari a wuta ya ƙone. Ya tarar da Malam da reza a kan littafi. Bai tambayi komai ba, ya sha ruwa ya yi sallama. Mako bai ƙare ba labari ya cika unguwa. Wai Malam yana yanka Maganar Allah yana haɗa laya. Wai direbobin hanyar Abuja yake sayar wa. Wai ya gaya wa ɗalibai Matiyu satar amsa ya yi a wurin Markus. Kwamiti ya zauna. Malam ya zo da kwalayensa a ɗaure da igiya don ya nuna musu, har aka tashi ba wanda ya ce a kwance igiyar. Aka sallame shi daga makaranta, aka hana shi hawa bagade ya yi wa'azi, aka goge sunansa. Da yake ba mai son ajin tsofaffin mata na ranar Alhamis, sai aka jefa masa mu. Wani dattijo har cewa ya yi, ai mu ba abin da zai ɓata mana, kanmu ya riga ya bushe.

Mun gode da zagin. Da shi muka samu malami.

Ranar farko ya jingina kwali a bango ya dube mu. Yawancinmu ba mu iya karatu sosai, to a nan zaren ya shigo. Inda ukun suka faɗi magana iri ɗaya, ya ɗinka baƙin zare a ƙarƙashi. Inda Matiyu da Luka suka haɗu amma babu a Markus, ja. Abin da mutum ɗaya kaɗai ya kawo, kore. Daga bencin baya ma kina gani, kamar adon zane.

Ya karanta mana labarin shanyayyen nan da abokansa suka ɗauko suka kawo wa Yesu. A Markus, gida ya cika, suka hau sama suka haƙa rufin. A Luka, ta tsakanin tayil ɗin da aka jera a rufin suka zura shi. A Matiyu kuwa ko rufin ba a ambata ba.

Saratu, mai suyar doya a bakin titin Gonin Gora, ta ɗaga hannu da yake duk tabon mai.

"Malam, tsaya. Rufin nan na ƙasa ne ko na tayil? Ai gida ɗaya ne."

"Mama, mu da muka tashi a ƙauye mun san rufin ƙasa, haƙa shi ake yi. Masana suna ganin Luka ya rubuta wa mutanen da ba su saba da irinsa ba, sai ya faɗa musu da rufin da suka sani."

"To shi Matiyu ina ya kai rufin?"

"Matiyu mai gajarta labari ne. Sauri yake ya kai ki ga abin da Yesu ya ce."

"Kamar mijina ke nan," in ji Saratu. "In ya dawo daga biki ki ce yaya, sai ya ce an yi."

Muka yi dariya har mai gadi ya leƙo. Malam ma ya yi, yana riƙe da tabarau kada ya faɗi.

Ni kuwa, ba yabon kai ba, na riga kowa gane darasin, don sana'ata ce. In mata uku suka kawo mini labari, na ji kalma ɗaya tana fitowa a wuri ɗaya a bakin dukansu, na san ba duka suka tsaya a wurin ba, wata ta ji daga wata. In biyu suna da wani guntu wanda ta ukun ba ta da shi, to akwai ta huɗu a wani lungu da ban gamu da ita ba tukuna. Da na faɗa masa haka sai ya tafa hannu, ya ce ai wannan ta huɗun ce masana suke ta nema, wata takarda ta maganganun Yesu da suke zaton Matiyu da Luka sun samu, wadda ba wanda ya taɓa gani. Jan zaren nan duk nata ne. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce wasu masanan sun ce babu wata takarda, Luka ne kawai ya karanta na Matiyu. Ya ce mutanen da kuma Matiyu suka ɗauka shi ne na fari. "Ni ma ba na wurin," in ji shi. "Abin da ido ya gani a kwali na sani, sauran zato ne, kuma zan gaya muku in zato ne." A duk shekarun nan ban taɓa jin ya sayar mana da zato a kwanon tabbas ba.

Lydia, Maman Gloria, ita ba ta kewaye-kewaye. Ranar nan ta ce, "Malam, mu dai gaya mana. Gaskiya ne ka ce Matiyu satar amsa ya yi?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Maman Gloria, waƙar da kike yi in kina surfe, wa ya koya miki?"

"Uwata."

"Kin sace mata?"

"Haba Malam. Ita ta ba ni."

"Kina rera ta daidai yadda take rerawa?"

Lydia ta ce a'a, ita ta sa sunan 'ya'yanta a ciki.

"To," in ji Malam. "Luka da kansa ya faɗa a farkon littafinsa cewa wasu sun riga shi rubutawa, shi ya bi ya bincika. Bai ɓoye ba. Mu ne muke jin kunya a madadinsa."

Wannan Lydia ɗin ce abin ya faɗa wa daga baya. Gloria, 'yarta mai aiki a Kudenda, ta yanke jiki ta faɗi a wurin aiki, aka tsallaka kogi da ita zuwa asibiti. Lydia ta hau mota ta bi, cunkoso ya riƙe su a gada, tana zaune a matse tsakanin buhun barkono da wani mutum sai waya ta shigo, Gloria ta rasu. Bayan an yi jana'iza ta rufe ƙofa. Kullum maganarta ɗaya, da ta sauka ta taka da ƙafa da ta tarar da ita da rai. Manya sun zo sun yi mata wa'azi, sun ci abinci, sun tafi. Ta daina zuwa coci.

Malam ya zo cikin ruwan sama da kwali ɗaya a naɗe da leda a hammata. Ina wurin, ina tsince mata shinkafa. Bai yi wa'azi ba. Ya shimfiɗa kwalin a tabarma, labarin Yayirus ne, mutumin da 'yarsa ta kwanta ciwo. Ya nuna mata layin Matiyu, ɗan gajere, uban ya iso yana cewa yarinyar ta riga ta rasu. Sannan ya sa yatsa a layin Markus, dogo har ƙasan kwalin. A nan uban ya zo tun tana da rai, suka kama hanya da Yesu, taro ya tare su, aka tsaya saboda wata mara lafiya, suna nan tsaye 'yan saƙo suka iso daga gida.

"Markus bai yanke hanyar ba, Maman Gloria," in ji shi. "Ya bar cunkoson, ya bar jinkirin, ya bar saƙon. Saboda waɗanda labari yake iskewa a hanya."

"Amma shi an tashe masa tasa, Malam."

Ruwa yana dukan kwanon rufi.

"An tashe masa. Ba ni da amsar wannan. Abin da na sani, lokacin da saƙon ya zo, ba shi kaɗai yake tsaye a hanyar ba."

Lydia ta kifa kai a kan kwalin ta yi kukan da ba ta yi ba a maƙabarta. Alhamis ta gaba ta zo, ta zauna a bencin baya.

Kai ne wannan, Malam. Kai ne ka shiga ruwa da kwalin biskit, lokacin da masu takalma masu sheƙi suke jiran a ɗauke ruwa.

Akwai ranar da ya makara, mu kuma zaman banza ya ishe mu. Sai muka ce bari mu gwada darasinsa a kan maganar da aka yi masa. Muka ja layi uku a ƙasa da gawayi, na laya, na direbobi, na satar amsa. Kowa ta faɗi yadda ta fara ji da bakin da ta ji. Abin mamaki, duk ukun suna da guntu ɗaya, wai yana yankawa yana murmushi. Baƙin zare ke nan. Mutum ɗaya ne kuwa ya shiga gidan a ranar. Malam yana shigowa Saratu ta ce, "Malam, mun samo Markus ɗin maganarka!" Ya dubi ƙasa, ya dube mu, ya sa takalmi ya goge layukan a hankali.

"Na koya muku wannan don ku san Yesu ne," in ji shi, "ba don ku san Ebenezer ba."

Ba mu faɗi suna ba fa. Ashe tun ranar farko ya sani, kuma duk Lahadi yana miƙa wa mutumin hannu. Ya ce mu bar maganar a nan. Sauran sun yi alkawari. Ni lokacin ina ɗaurin ɗankwali, ban ji ba.

Bana aka kawo mana sabon fasto, Benson. Ɗalibin Malam ne tun Gonin Gora, ya ci tuwon gidan a lokacin da matar Malam take da rai. Shi ya kai masa saƙon kwamiti. Saratu tana wurin, ta kai wa Malam doya, kuma kunnenta ƙalau yake.

"Baba, 'yar magana ce kawai," in ji Fasto. "Ka ce ka yi kuskure, shi ke nan. Ni na san ba ka yi ba. Makarantar da na je a gaba ma abin da suka koya mana ke nan."

"To ka hau bagade ka faɗa, ɗana."

"Baba, ba za su gane ba."

"Saratu ta gane."

Fasto ya sosa ƙeya. Ya ce Baba Ebenezer ne ya kawo kwanon rufin sabon gini, ba a so a ɓata masa rai yanzu. Ya ce wa Malam ya tuna da jikokinsa.

A nan ya taɓa wurin da yake ciwo. Jikokin Malam har yau a makaranta ana ce musu jikokin mai laya. Kada wani ya ɗauka Malam dutse ne. Yana son sunan nan ya dawo, yana so ƙwarai. Kwana da kwanaki bai dama ƙullu ba. Ya ba da tsohuwar kwat ɗinsa aka wanke aka goge. Mu kanmu mun rabu biyu, wasu suna cewa ya faɗa kawai a wuce wurin, Allah ya san zuciya. Muka dafa shinkafa, kwamiti suka naɗe kyauta. Na leƙa, agogon bango ne. Agogo, ga mutumin da ido yake ƙarewa.

Ranar Lahadi coci ta cika. Fasto Benson ya kama hannunsa ya kai shi gaba, ya ba shi makirfo. Malam ya karɓa. Ya gaida jama'a, sannan ya ce:

"Na yanka littattafan da wuta da gara suka riga suka ci, na manna su don a sake karantawa. In wani ya gani ransa ya ɓaci, ina ba shi haƙuri saboda ɓacin ran. Amma abin da na koyar, ba zan iya cewa ƙarya ba ne. In na faɗi haka a wannan wuri, yau ne zan fara ƙarya a kan Littafin. Waɗannan bayin Allah uku sun jingina da juna, kuma..."

Ebenezer ya ɗaga yatsa. Lasifika ta mutu. Masu ganga suka saki kiɗa kamar an kunna su da maɓalli. Malam ya ci gaba da magana, bakinsa yana motsi, ba mai ji. Fasto Benson yana kallon takalminsa. Da aka zo sanarwa, sakatare ya ce an ɗage bikin sallama sai yadda hali ya yi. Agogo ya koma ofis. Shinkafarmu matasa suka cinye, har da masu neman ƙari.

Lydia ce ta tashi daga bencin baya, ta ratsa tsakiyar coci da sandarta, ta kama hannunsa ta fito da shi.

Washegari aka fitar da kwalayen ajinmu daga siton coci aka jibge a bakin kwata, wai ana neman wurin janareta. Mu tsofaffi masu busasshen kai muka yi gammo muka ɗauka, muka jera a titi har gidan Lydia, masu keke suna mana hon. A barandarta muke aji yanzu. Malam ba ya ganin rubutun, amma yana bin zaren da yatsa, kuma ya san abin da yake ƙarƙashin kowane ɗinki. Sunansa yana nan a goge. Jikokinsa suna nan da sunan da aka laƙaba musu. Ba zan yi muku daɗin baki in ce an yi nasara ba.

Malam Zakariyya'u, kai ne aka jefa wa tsofaffi don a wulaƙanta ka, ka koyar da mu kamar masu shirin hawa bagade. Kai ne ba ka taɓa jin tsoron tambayarmu ba, ba ka kuma taɓa jin tsoro a madadin Allah ba. Mun gode. Saratu ta gode, Lydia ta gode, ni ma da bakina na gode. Allah ya riƙe hannunka yadda ka riƙe namu.

Ku kuma matasa masu karatun tauhidi, abin da aka koya muku a aji kada ku bar shi a aji kuna cewa ba za mu gane ba. Ku gwada mu. Fasto Benson, ɗana, ranar Alhamis akwai wuri a benci.

Sauran jama'a, na san halinmu. Ranar da mutumin nan ya rufe ido za a fitar da anko, a buga hotonsa a riga, Ebenezer ya karɓi makirfo ya ce an yi rashin babban malami, kuma ba wanda zai kashe masa lasifika. Kada ku jira wannan ranar. Yana nan a Mahuta da ransa, kunnensa yana ji sarai. Ku je yanzu.